Darussan da suka ƙi buɗuwa: wa ke da maganin fayilolin Flash?

Malama Hauwa, Tumfure: Assalamu alaikum jama'ar gida. Taimako nake nema, don abin ya isa da ni. Ina koyar da Bayoloji a wata sakandare nan Gombe. Mun daɗe da wata folda a ɗakin kwamfuta mai ɗauke da darussa masu motsi: zuciya na bugawa jini na zagayawa, ƙwayar halitta na rabuwa biyu, abinci na gangarawa hanji. Yaro ya danna ya tsayar, ya sake dannawa ya ci gaba, wasu har da tambayoyi a ƙarshe. A hutun da ya wuce aka kira mai gyara ya wanke kwamfutocin ya sake zuba Windows. Foldar tana nan, na ƙirga fayil 86, duk sunansu na ƙarewa da .swf, amma ko ɗaya ya ƙi buɗuwa. Mai gyaran ya ce wai Flash, manhajar da ke kunna su, ya mutu. To in ya mutu, shi ke nan darussana sun bi shi kushewa?

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam. Malama wane filas ɗin? Na zuba fim ko na kira a katse? In na biyun ne ni dai yana nan da ransa, yanzu ma aka yi min.

Malama Hauwa, Tumfure: Kai dai ba ka rabo da shirme. Da gaske nake, ranar Litinin zan fara darasin zagayawar jini da 'yan aji biyu.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: Malama kwantar da hankalinki, ƙaramin aiki ne. A nemo tsohon Flash Player a saka, a mayar da kwanan watan kwamfuta zuwa 2020, a hana ta sabunta kanta. Na yi wa wurare uku haka, har yau ba wanda ya dawo da ƙorafi. Akwai ma wanda suke kira projector, ba majigi ba, wani ɗan fayil ne da ke buɗe swf shi kaɗai ba sai da burauza ba. Shi ko agogon ba sai an taɓa ba.

Injiniya Auwal, Pantami: Sadiq, ba su dawo da ƙorafi ba ko dai sun kai wa wani mai gyaran? Malama, mai gyaranku gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Kamfanin Adobe, mai Flash, ya sanar tun Yulin 2017 cewa zai daina kula da shi. Ya daina ranar 31 ga Disamba 2020, daga 12 ga Janairu 2021 kuma manhajar da kanta ta fara ƙin kunna komai, don sun dasa mata wa'adi a ciki. Chrome da Firefox suka cire shi gaba ɗaya a wannan Janairun. Kwamfutocinku sun ci gaba da aiki ne saboda tsohon zubi ne ba a taɓa su ba.

Amma fayilolinki lafiyarsu ƙalau. Kamar kaset ne a hannunki, rediyon ce ta lalace. Akwai wata rediyon da wasu suka ƙera, sunanta Ruffle, kuma buɗaɗɗiya ce. Kafin ki saka komai, shiga shafinsu na intanet, akwai wurin gwaji, ki ɗauko fayil ɗaya ki jefa ki gani.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: Injiniya ku dai kun fi son doguwar hanya. Kwamfutocin makaranta da ko intanet ba su gani, wane ɓarawo ne zai shigo musu? Ta taga?

Injiniya Auwal, Pantami: Ta filas ɗin Ɗan Bolari zai shigo. Kai da kanka ka san abin da yara da malamai ke sokawa a kwamfutocin nan. Kuma tsohon Flash ɗin a ina za ka samo? Adobe sun cire shi daga shafinsu. Sai dai ka je irin shafukan nan masu maɓallin saukewa guda biyar, huɗu na ƙarya, ka kwaso abin da ba ka san wa ya cusa masa me ba. Ko lokacin da kamfanin ke toshe ɓarakarsa kusan duk wata, Flash na cikin manyan ƙofofin da ake bi a shiga kwamfutar mutane. Yanzu ba mai toshewa. Batun agogo kuma, ranar da aka haɗa intanet shafuka za su ƙi buɗuwa, don takardar shaidarsu ba za ta dace da kwanan watan ba, sai a sake kiranka a biya ka.

Ɗan Bolari: Ashe dabarar neman kuɗin cefane ce.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: Allah ya shirye ka.

Malama Hauwa, Tumfure: Ku yi haƙuri, ni ban gane bambancin ba. Flash ɗin ai kyauta muke samunsa, ban taɓa jin an biya ko sisi ba. Shi wannan Ruffle ɗin da kuke cewa buɗaɗɗe, me ya fi shi da shi?

Zainab, ɗaliba a Kashere: Anti bari in gwada. Mai kilishi ya ɗebo yaji ya ba ki kyauta, kullum kika zo sai ya ƙara miki, amma bai taɓa gaya miki haɗin ba. Ranar da ya tashi daga kasuwa, yajin ya tafi da shi. Flash ke nan. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa har haɗin ake ba ki a rubuce: ga rubutun da aka gina ta da shi, ki karanta, ki gyara, ki ba wani, lasisin ya yarda. In masu yin ta suka gaji, wani na iya ɗauka daga inda suka ajiye. Ruffle wani mai suna Mike Welsh ne ya fara shi, yanzu masu sa kai ne da yawa ke aikinsa. Da harshen Rust aka rubuta shi, kuma a cikin burauza yana gudana ne a killace kamar kowane shafi, ba shi da ikon yawo cikin kwamfuta irin na tsohon Flash. Internet Archive ma, masu adana tsofaffin abubuwan intanet, da shi suke kunna tsofaffin wasannin Flash tun ƙarshen 2020.

Malama Hauwa, Tumfure: Yauwa 'yar gari, yanzu na ji da Hausa.

Baban Yusra, Bauchi: Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karantawa ina murmushi, don kun taɓo zamanina. Zainab 'yata, maganarki haka take, amma kar ki sa Malama ta ɗauka duk abin da aka buɗe ba ya mutuwa. Kafin Ruffle an yi wata buɗaɗɗiyar manhajar kunna Flash, Gnash, ta mutanen GNU, fitowarsa ta ƙarshe a 2012 ce, daga nan ya yi ta jan ƙafa har ya kwanta. Mozilla masu Firefox da girmansu sun fara tasu, Shumway, suka watsar a 2016. Haɗin yajin yana nan a rubuce, amma sai an sami mai daka. Lightspark ne dai ake ɗan taɓawa har yanzu.

Zainab, ɗaliba a Kashere: Haka ne Baba, na karɓa. Sai dai ko wanda ya kwanta ɗin ba wanda ya dasa masa ranar da zai ƙi aiki a kwamfutarka.

Baban Yusra, Bauchi: Nan kam kin kama ni. Bari in ba ku labari tunda dare bai yi ba. Wajen 2006 ina da shagon intanet kusa da Wunti. Lokacin in shafinka ba ya juyi da walƙiya ba ka yi komai ba, kowa Flash. Asalinsa ma ba na Adobe ba ne, wani ƙaramin kamfani ne ya yi shi da sunan FutureSplash, Macromedia suka saye a 1996, Adobe kuma suka haɗiye Macromedia a 2005. Ni da Macromedia Flash 8 na koya, da daddare bayan kwastomomi sun watse, in janareta bai shanye man ba.

Na zauna wata huɗu na yi wa yara darasin abacada na Hausa. Ka danna B, akuya ta leƙo ta ce ba haka ba, sai ɓauna ta fito in ka danna Ɓ. Haruffa masu lanƙwasa ba su cikin rubutun da nake da shi, da hannu na zana ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya. Muryar da ke kiran haruffan ta Yusra ce tana 'yar shekara huɗu, da alewa nake lallashinta ta maimaita. Faifan kwamfutar ya ƙone daga baya, ainihin fayil ɗin aikin, wato .fla, ya tafi. Swf ɗin kawai ya rage, shi ma don na taɓa tura wa wani aboki ta imel ne. Rabona da ganinsa ya fi shekara goma.

Injiniya Auwal, Pantami: Ranka ya daɗe, Flash 8 ai da harshen umarni na ActionScript 2 yake aiki, kuma nan Ruffle ya fi ƙarfi. Tunda da hannu ka zana haruffan, ba ma ruwansu da matsalar rubutu. Don Allah ka gwada yanzu.

Malama, ki riƙe wannan don zai shafe ki. Fayilolin Flash iri biyu ne a ciki ko da sunansu ɗaya. Tsofaffi da ActionScript 1 ko 2 aka yi su. Daga 2006, da Flash Player 9 ya fito, aka kawo ActionScript 3, wanda kusan sabon inji ne daban. Ruffle ya fara da na farkon, na biyun ya biyo baya, an yi nisa amma da saura. Saboda haka kar ki yi mamaki in wasu sun buɗu tsaf, wasu hoto ya fito maɓalli ya ƙi dannuwa.

Ustaz Kabiru, Herwagana: Ina da tambaya ta wani ɓangaren. Kamfani ya rufe kayansa ya ce a daina. Wasu suka zo suka ƙera makamancinsa. Wannan bai shiga haƙƙin mutane ba? Kar mu gudu daga bairos mu faɗa cikin abin da ya fi shi.

Injiniya Auwal, Pantami: Tambaya mai kyau Ustaz. Ba su ɗauki rubutun Adobe ba, nasu suka rubuta daga tushe. Kuma Adobe da kansu sun wallafa bayanin yadda fayil ɗin swf yake, a 2008 suka ɗage sharaɗin da ya hana a yi amfani da bayanin wajen ƙera abin kunnawa. Inda maganarka take da ƙarfi shi ne darussan kansu. Wani ne ya zana zuciyar nan. Malama ta kunna wa ɗalibanta abin da makaranta ta mallaka, wannan daban. Ta kwashe ta ɗora a intanet da sunanta, ko Sadiq ya zuba a filas yana sayarwa, wannan kuma daban.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: Ni me na yi kuma aka sako ni?

Malam Ishaya, Kaltungo: Barkanku da dare. Ni Fiziks nake koyarwa, kuma na sha irin wannan wahalar kafin Malama. Shawarata ta ɗan bambanta. A farfaɗo da tsofaffin, ban ƙi ba, amma a fara neman waɗanda ba sa bukatar farfaɗowa. PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a 2002, da can da Flash da Java suke yin gwaje-gwajensu, suka bi su suna mayarwa HTML5, tsarin da burauza ke buɗewa da kanta. Kowane gwaji fayil ɗaya ne, ki sauke sau ɗaya, ya buɗu a kowace burauza ba intanet, har a waya. Ni a nan in wuta ta ɗauke, wayoyi uku nake rabawa aji su haɗa batir da ƙwan fitila a kan sikirin. Gaskiya dai sun fi yawa a Fiziks da Kemistiri da Lissafi, na Bayoloji kaɗan ne, kuma ban ga irin zuciyar da kike nema ba.

Malama Hauwa, Tumfure: Na gode Malam. Zan duba, amma zuciyar nan tawa ita nake so. Shekara da shekaru ina zana ta a allo yara na kallona kamar ina zana taswirar Dadin Kowa. Ranar da suka ga ƙofofin na buɗewa suna rufewa da kansu, ranar suka gane.

Zainab, ɗaliba a Kashere: Ni da za a ji tawa, a cire Windows ɗin ma gaba ɗaya a zuba Linux Mint. Tsofaffin kwamfutoci sun fi sakewa da shi.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: To fa, an fara. Ki zuba, ranar da firinta ta ƙi aiki ke za a kira daga Kashere. Kuma yaran nan jarrabawar JAMB ke gabansu, a bar su da abin da hannunsu ya saba.

Mai kula da zaure: Zainab da Sadiq, rigimar Linux ta ci mana kwana biyu a watan jiya. A bar ta nan. Ana maganar fayilolin Malama.

Baban Yusra, Bauchi: Jama'a. Ya buɗu. Wallahi ya buɗu. Akuyar ta leƙo. Na danna Ɗ na ji muryar yarinyar nan tana cewa ɗan tsako, har da inda ta yi dariya ban yanke ba. Yusra yanzu tana ɗakinta a Azare da 'ya'ya biyu. Na kira ta na kara wayar a lasifika, ta yi shiru, can ta ce Baba wace ce wannan. Mahaifiyarta na nan gefena tana share hawaye tana ce min tsoho da rigima.

Malama Hauwa, Tumfure: Allahu akbar. Baba ka sa ni ma na ji wani iri.

Ɗan Bolari: Ni yau ba ni da abin cewa. Allah ya raya zuri'a.

Injiniya Auwal, Pantami: Amin. Ranka ya daɗe, yau ɗin nan ka yi masa kwafi uku a wurare daban. Sannan akwai JPEXS, buɗaɗɗiyar manhaja ce da ke kwance swf ta fito da abin da ke ciki, zane daban, sauti daban, rubutun umarni daban. Tunda aikinka ne, ka ciro muryar ka ajiye ta a matsayin sauti zalla. In ka so sake gina darasin don jikoki su taɓa a waya, ga Wick Editor da ke aiki cikin burauza kuma ya yi kama da Flash ɗin da ka sani, ga Synfig in zane mai motsi kawai kake so.

Baban Yusra, Bauchi: Idon ya yi rauni Injiniya, amma zan gwada. Da na san haka .fla ɗin nan zai yi min, da na adana shi kamar takardar fili.

Malama Hauwa, Tumfure: Barkanmu da safiya. Na je makaranta da sassafe. A kwamfutata ta hannu shafin gwajin ya buɗe zuciyar, alhamdu lillahi. Amma ɗakin kwamfuta babu intanet, kuma Windows 7 ne a kansu, guda 18. Na sauko da nau'in Ruffle da ake ɗorawa a shafi, na danna, farin fili kawai nake gani.

Injiniya Auwal, Pantami: Ba laifinki ba ne. Wannan nau'in ba ya tashi in an danna shi kai tsaye daga folda, burauza ce ke hana shi saboda tsaro. Sai an miƙo shi kamar daga shafin intanet, ko da intanet ɗin ta cikin ɗaki ce. Abin da za a yi: kwamfuta ɗaya ta zama uwa, a zuba mata Ruffle da foldar darussan, a kunna mata 'yar manhajar rarrabawa, da harshen Python layin umarni ɗaya ne. A haɗa sauran da ita ta rauta, ba a bukatar data ko ta naira ɗaya. Kowane yaro ya buɗe burauza ya rubuta lambar uwar, darussa su fito a jere. Burauzar ce sai an kula: a Windows 7 Chrome ya tsaya a 109, Firefox kuma a 115, to a saka Firefox 115 ɗin. Kuma kar a raba fayilolin da ƙananan foldodin da ke tare da su. Wasu swf ɗin kwanso ne kawai, sauti da bidiyo da tambayoyin suna waje suna jiran a kira su.

Malama Hauwa, Tumfure: Inna lillahi. Akwai wata folda da mai gyaran ya ce tarkace ce ya goge.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: Kafin kowa ya yi magana, ba ni ba ne. Malama kar a ƙara zuba komai a kwamfutar da aka goge ta, wataƙila a iya tono wani abu, ko da yake bayan sabon zubi sai addu'a. A duba kuma ko faifan CD ɗin da darussan suka zo a kai yana cikin wata durowa a ofis.

Malam Ishaya, Kaltungo: Kar ki ji kunya Malama, manya ma abin ya ci su. Hukumar haraji ta Afirka ta Kudu, da aka kashe Flash a Janairun 2021 wasu takardunta na intanet ba su gama ƙaura ba, sai da ta fito da burauzarta ta musamman mai Flash a ciki don mutane su iya cikewa. Su da aka ba sanarwar shekara uku da rabi.

Malama Hauwa, Tumfure: Ga sakamako, na bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutata tun bayan azahar. 71 suna aiki sumul. 9 suna buɗuwa amma ba sauti ko wurin bidiyon baƙi ne, ina jin su ne masu neman foldar da aka goge. 6 kuwa hoton farko kawai suke nunawa, kuma duk masu tambayoyi ne a ƙarshe.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: To Injiniya, shidan nan fa? Ka ga inda projector ɗina ke da rana.

Injiniya Auwal, Pantami: Na ba ka wannan, amma da sharaɗi. A fara gwada su da Ruffle na baya-bayan nan, don kusan kullum suna fitar da sabon gini, abin da ya ƙi yau yana iya yi bayan wata biyu. A gwada Lightspark. In duk sun ƙi, a ware kwamfuta ɗaya da ba ta haɗe da komai, a kunna su da tsohon, a ɗauki hoton sikirin da OBS a mayar da su bidiyo, tambayoyin Malama ta rubuta a takarda. Sau ɗaya, a gama, a goge shi. Zainab, ke kuma tunda kina da asusu a GitHub, inda masu Ruffle ke karɓar ƙorafi, ki kai musu rahoton shidan nan da bayanin inda suke maƙalewa. Da irin rahoton nan suke sanin abin da za su gyara.

Zainab, ɗaliba a Kashere: Na ɗauka. Anti ki turo min sunayensu da hoton inda suka tsaya.

Sadiq mai gyara, Jekadafari: Ina da tsohuwar rauta a shago, kwastoma ya bar ta shekara biyu bai waiwaye ta ba. Asabar da ƙarfe goma zan kawo ta Tumfure da wayoyin haɗi. Injiniya ka zo da layin Python ɗinka, in ya ƙi aiki a gaban Malama za ka ji daga gare ni.

Malama Hauwa, Tumfure: Allah ya saka da alheri. Zan sa mai gadi ya buɗe ɗakin, a kuma sayo man janareta don ba a yarda da wutar Asabar ba. Baba, in ka amince, ka turo min abacadar nan. Muna da 'yan firamare a harabarmu.

Baban Yusra, Bauchi: Na tura wa Injiniya ya sa a cikin uwar. Ki gaya wa malamarsu harafin 'Y bai da sauti, ranar alewa ta ƙare.